Jera Magana Kafin a Rubuta Ta: Koyar da Tsarin Jimloli da Sakin Layi a Darasin Ingilishi

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin dattawan malaman Ingilishi na reshenmu ya gabatar a taron ƙara wa juna sani na hutun ƙarshen zango. Mun buga shi bisa roƙon mahalarta, domin waɗanda ba su samu zuwa ba su ma su amfana.



Da sakatare ya same ni da maganar wannan taro, ya bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kai. Na yi kwanaki ina jujjuya al'amarin a raina, domin matsalolin darasin Ingilishi a makarantunmu suna da yawa: ga ƙarancin littattafai, ga cunkoson ajujuwa, ga yaran da ke iso mana daga firamare karatu bai zauna musu ba. Daga ƙarshe na tsaya a kan abu guda wanda yake hannunmu, wanda ba ya jiran kasafin kuɗi ko sa hannun wani babba a ofis. Abin shi ne koya wa yaro yadda zai jera jimlolinsa, wannan tana bin wannan bisa dalili, da yadda zai jera sakin layinsa har mai karatu ya bi shi daga farko zuwa ƙarshe bai ɓace a hanya ba.

Bari in fara da abin da kowa a nan ya sani, amma muke yawan mantawa. A jarrabawar Ingilishi ta hukumar WAEC ana buƙatar ɗalibi ya rubuta insha'i mai kalmomi kimanin 450, ana kuma ba shi shawarar ya ɗauki minti 50 a kansa. Makin wannan sashe 50 ne, an kasa shi huɗu: 10 na abin da rubutun ya ƙunsa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, sai 10 na kiyaye nahawu da ƙa'idojin rubutu. Waɗanda suka taɓa zaman duba takardu sun san makomar goman ƙarshe. Rabin maki ake cirewa a kan kowane kuskure, kuma da yawa daga cikin yaranmu kafin su kai ƙarshen shafin farko sun cinye shi ƙaf. Goman tsari kuwa shi ne makin da yaro mai ƙaramin Turanci zai iya samun kaso mai tsoka a ciki, in dai an koya masa. Banda haka, tsari yana jan sauran makin a bayansa, domin hujjar da aka binne a tsakiyar tarkacen jimloli mai dubawa ba zai gan ta ba, balle ya saka mata. Mu tuna kuma cewa sau da yawa 'yan maki ƙalilan ne ke raba C6 da D7, kuma duk yaron da bai samu kiredit a Ingilishi ba, ƙofar jami'a ta rufe masa a wannan shekara, komai kyan sauran takardunsa.

Ni kaina na shekara fiye da goma ina koyarwa kafin in gane wannan, kuma wata yarinya ce ta ganar da ni. A wata makarantar 'yan mata da na taɓa koyarwa, na ba 'yan aji biyar insha'i a kan ranar da ba za su manta da ita ba. Ɗaya daga cikinsu ta rubuta labarin gobarar da ta tashi a gidansu. Ta fara da zuwan maƙwabta da bokitai, ta koma kan karin kumallo, ta tsallaka asibiti inda aka kai ƙanenta, sannan ta dawo ta ambaci risho da ya kife. Na ɗauki jan biro na rubuta mata a ƙasa cewa rubutunta ba shi da tsari, na ba ta maki biyu cikin goma. Bayan an tashi sai ta biyo ni bakin ofishin malamai, ta rusuna ta ce, "Malam, don Allah mene ne tsarin da ka ce babu?" Na buɗe baki zan amsa, na rasa ta inda zan fara. Sai na ce, "'Yata, ajiye takardar, ba ni labarin da Hausa." Wallahi ta kwashe shi tun daga wayewar gari har zuwa kashe wutar, babu inda ta yi tuntuɓe, babu abin da ta sa a gaban ɗan'uwansa.

Na tambaye ta abin da ya hana ta rubuta shi haka. Ta ce ai duk jimlar da Turancinta ya fara zuwa mata ita take rubutawa, don kada ta manta. Nan na fahimci abu biyu. Na farko, yarinyar tana da tsari a kanta, tsoron harshen ne ya warwatsa shi. Na biyu, laifin nawa ne, domin na hukunta ta a kan abin da ban taɓa tsayawa na koya mata ba. Na cika allo da lokutan aikatau da jam'in suna zango bayan zango, ban taɓa ware darasi ɗaya na nuna musu yadda jimla take riƙe hannun 'yar'uwarta ba.

'Yan'uwa, yaranmu ba sa zuwa mana hannu rabbana a wannan fanni. Yarinyar da ta tashi tana jin tatsuniya ta san ana buɗewa da "ga ta nan ga ta nanku", ta san ba a kama Gizo kafin ya yi ɓarna, ta san inda ake rufewa. Tambayi kowace ɗaliba yadda ake tuwo, za ta gaya maka a tafasa ruwa, a yi talge, a bar shi ya dahu, a zuba gari a tuƙa, a rufe ya turara, sannan a kwashe. Ba za ta taɓa sa tuƙi a gaban talge ba. Yaron da aka aika unguwa ya iya kwatance daga bakin titi har ƙofar gida. Nahawun harshenmu ma yana ɗauke da alamar jeri. Idan na ce "yara sun tafi kasuwa", rahoto na bayar kurum. Idan kuwa na ce "yara suka tafi kasuwa, suka sayi gishiri, suka dawo", kowane Bahaushe ya san ina cikin labari, abu na bin abu. Wannan shi ne abin da malaman Hausa ke kira shuɗaɗɗen lokaci na biyu. Ingilishi ba shi da irinsa. A can, aikatau ɗin rahoto da na labari siffarsu ɗaya, don haka nauyin nuna jeri ya koma kan wurin da aka ajiye jimla da kuma ƙananan kalmomin da ke haɗa ta da ta gabanta.

A nan ne gadar take karyewa. Ku dubi kalmar nan tamu, "sai". Muna cewa ya ci abinci sai ya kwanta, muna cewa ruwa ya sauko sai muka fasa tafiya, muna cewa ba zan tafi ba sai ka dawo, muna kuma cewa babu kowa sai maigadi. Kalma ɗaya, aiki huɗu. Ingilishi ya raba wa kalmomi huɗu wannan aiki: "then", "so", "until" da "except". Yaron da ba a nuna masa wannan ba, "and then" zai yi ta jerawa har ƙarshen shafi. Haka nan mu a Hausa babu laifi a ce "ko da yake ya yi ƙoƙari, amma bai ci ba", shi ya sa takardun yaranmu suke cike da "although" da "but" a jimla ɗaya, abin da Ingilishi bai yarda da shi ba. A wasiƙa kuma, tarbiyyarmu ta hana a faɗa wa babba buƙata kafin a gaishe shi a tambayi iyali, alhali wasiƙar ofis ta Ingilishi tana son a faɗi dalilin rubutu tun a sakin layi na farko.

Masana sun daɗe da lura da irin wannan. A 1966 wani masanin harshe ɗan Amurka, Robert Kaplan, ya nazarci insha'in ɗaruruwan ɗalibai baƙi da ke karatu a ƙasarsu, ya nuna cewa kowace al'umma tana da hanyar da ta saba bi wajen shimfiɗa magana a rubuce, kuma ɗalibi yakan ɗauko ta gida ya kawo cikin Ingilishi. An soke shi da cewa ya fifita hanyar Turawa kamar ita kaɗai ce miƙaƙƙiya, shi ma daga baya ya sassauta. Darasin da na ɗauka shi ne, tsarin sakin layi na Ingilishi al'ada ce da ake koyo, kamar yadda ake koyon gaisuwar wani gari. Su kansu masu harshen sai da aka zauna aka rubuta musu ita. Wani malamin jami'ar Aberdeen a ƙasar Sikotland, Alexander Bain, shi ne a 1866 ya fitar da littafin da ya shahara wajen tsara ƙa'idojin sakin layi, ciki har da cewa jimlar farko ta nuna batun da za a yi magana a kai, kuma kowace jimla ta kasance tana da alaƙa bayyananna da wadda ta gabace ta. Sannan a 1976 Michael Halliday da Ruqaiya Hasan suka wallafa nazarinsu a kan zaren da ke ɗinke jimlolin Ingilishi, wato wakilin suna, da mahaɗai, da maimaita kalma ko kawo 'yar'uwarta, da sauransu. Idan 'ya'yan masu harshen sai an koya musu, to ina ga namu?

To, yaya za a koyar? Hanyar da na fi ganin amfaninta ita ce mafi araha: a ɗauki sakin layi mai kyau, a wargaza jimlolinsa, a ce yara su mayar da shi yadda yake. Ga misali, kuma ina roƙon kowa a zauren nan ya gwada kafin in ba da amsa.

A. She sold it to a trader from the next village.
B. Last year, a woman in our town bought a young goat.
C. With the money, she paid her daughter's school fees.
D. After six months, the goat had grown big and fat.
E. The woman fed it with groundnut leaves every morning.

Na ga wasu har sun gama. Jerin shi ne B, E, D, A, C. Amma amsar ita ce mafi ƙanƙantar abin da ke cikin darasin. Abin da muke nema shi ne yaro ya faɗi dalili. Me ya sa B ta zo farko? Domin a cikinta ne aka ce "a woman" da "a young goat", kuma Ingilishi da "a" yake gabatar da baƙo. Bayan an san shi sai a koma "the woman", bayan an saba da shi sai a koma "she". Ku ce wa yara wannan ba sabon abu ba ne a wurinsu: da Hausa ma "wata mata" muke fara cewa, sannan "matar", sannan "ta". Babu mai buɗe labari da "matar", domin nan take za a tambaye shi, wace matar? Me ya sa C ba za ta zo gaban A ba? Domin ta ce "the money", kuma babu kuɗi sai an sayar. Me ya sa D ta bi E? Domin ƙiba sakamakon harawa ce, ga kuma "after six months" tana neman abin da aka yi wata shida ana yi. Akwai kuma wani abin lura a A. Da Hausa mace "ta" ce, akuya ma "ta" ce, amma Ingilishi ya ba matar "she" ya ba akuyar "it". Yaron da ya gano wannan da kansa ya koyi wakilin suna fiye da yadda zai koya daga jadawalin da muka saba zana masa a allo.

Na san abin da ke ran wasunku: Malam, ajina yara tamanin ne ko ɗari, ina zan samu takardar da zan raba musu? Ba a buƙatar ta. A samo tsohon kwali ko bayan kalandar bara, a yanka gida biyar, a rubuta jimla ɗaya a kan kowane da manyan haruffa. A fito da yara biyar gaban aji kowa ya riƙe nasa, sauran aji su ne za su jera su. Doka ɗaya ce: babu wanda zai ce wane ya koma can sai ya faɗi kalmar da ta nuna masa haka. A makonnin farko a bar su su kawo dalilin da Hausa in Turancin ya ƙi, domin tunanin muke farauta, harshen zai biyo baya. Minti goma a farkon darasi, sau biyu a mako, ya isa. Kwalin kuma ba ya ƙarewa, a ɗaure shi da roba a ajiye, aji na gaba ya same shi. Ba sai mun ƙirƙiro sakin layin da kanmu ba, suna nan cikin littafin karatun aji da tsofaffin takardun auna fahimta. Abin da na gani da idona shi ne, yaran bencin baya waɗanda ba su taɓa ɗaga hannu ba, a wannan darasi sukan miƙe suna gardama, domin wasa ne da ake iya ci ko da Turancin mutum kaɗan ne.

Bayan an saba da labari, wanda lokaci ke jan ragamarsa, sai a matsa zuwa sakin layi na bayani da na hujja, inda babu "da safe" da "da yamma" da za su yi jagora. Ku saurari wannan:

Many traders throw used nylon bags into the gutter. These bags block the flow of water. As a result, the market is flooded whenever it rains heavily. The flood destroys goods and drives customers away.

Ku lura da yadda aka ƙulla shi. Jimlar farko ta kawo leda, ta biyu ta fara da ledar. Ta biyu ta ƙare da toshewar ruwa, ta uku ta ɗauko sakamakonsa. Ta uku ta kawo ambaliya, ta huɗu ta fara da ambaliyar. Kowace jimla tana farawa da abin da mai karatu ya riga ya sani, ta ƙare da sabon abu, sabon kuma ya zama mafarin ta gaba. Duk wanda ya taɓa kallon mai tufka igiya ya ga irin wannan: ba ya bari zare ya ƙare kafin ya sa wani, yana cusa sabon ne tun tsohon yana hannu. Idan yaro ya kama wannan ƙa'ida guda, rabin aikin ya ƙare.

A nan zan ja kunnenmu a kan wata ɗabi'a da mu malamai muka shuka. Mun ba yara jerin kalmomi su haddace, "firstly", "secondly", "moreover", "furthermore", "in conclusion", muka ce su yayyafa a insha'i. Sai ka ga yaro ya rubuta "therefore" alhali abin da ya biyo baya ba sakamakon komai ba ne, ko ya rubuta "however" alhali bai saɓa wa komai ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Mahaɗi alkawari ne ga mai karatu cewa ga irin abin da ke tafe, kuma wanda aka saɓa wa alkawari ya fi wanda ba a yi wa ba jin haushi. Maganin shi ne a goge mahaɗan daga sakin layi, a bar gurbi, a ce yara su cike, kowa ya kare zaɓinsa. Wata rana kuma a cusa baƙuwar jimla a cikin biyar ɗin, wadda ta yi kama da batun amma ba ta cikinsa, a ce su fitar da ita. Wata rana a cire jimlar farko a ce su rubuta tasu. Wannan na ƙarshe shi ne ainihin horon sashen taƙaitawa na jarrabawa, domin wanda ya iya gano jimlar da ke ɗauke da batu ya iya taƙaita shafi.

Wani lokaci aji zai kawo jeri biyu, kowane da hujjarsa. Kada malami ya yi saurin cewa nasa ne daidai don haka yake a littafi. A rubuta duka biyun a allo, a karanta da ƙarfi, a tambayi abin da ya canza. Sau da yawa za a tarar duka suna tsayuwa, sai dai ɗaya ya fi jaddada dalili, ɗayan ya fi jaddada sakamako. Ranar da yara suka gane cewa marubuci zaɓa yake yi, ranar suka fara zama marubuta.

Daga jimla sai a hau zuwa sakin layi. A rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma a kan rijiyar burtsatsen unguwa da ta lalace, mai sakin layi huɗu: dalilin rubutu, halin da rijiyar take ciki, wahalar da hakan ya jawo wa mata da yara, sai abin da ake roƙo a yi. A wargaza su. Za ku ga da yawa sun sa roƙo a farko, wasu sun sa wahala a gaban abin da ya jawo ta. A tambaye su: in kai ne shugaban, wasiƙu hamsin na kan teburinka, me kake so ka fara sani? In an roƙe ka kuɗi kafin a gaya maka abin da ya faru, za ka bayar? Da irin waɗannan tambayoyi yaro yake gane cewa jeri hidima ce ga mai karatu. Daga nan a nuna musu cewa kowane irin insha'i da jerin da ya dace da shi. Labari yana bin lokaci. Siffantawa tana bin wuri, daga ƙofa zuwa ɗaka ko daga nesa zuwa kusa. Muhawara tana bin nauyin hujja, kuma gwanaye sukan ajiye mafi nauyi a ƙarshe. Wasiƙar ƙorafi tana tashi daga matsala ta sauka a kan mafita.

Mataki na ƙarshe shi ne yaro ya juya wannan wuƙa a kan rubutunsa. Ya rubuta sakin layi mai jimla biyar, ya sake kwafe shi a wargaje, ya miƙa wa abokin zamansa. In abokin ya mayar da shi yadda yake, rubutun ya ƙullu. In kuwa ta kowace fuska aka jera shi babu abin da ya canza, to tarin jimloli ne aka zuba wuri ɗaya, a koma a ƙulla. Wannan ya rage mana nauyin duba littattafai ɗari a dare ɗaya, domin yaran ne ke duba wa juna. Sannan a horar da su cewa a cikin minti 50 na jarrabawa, biyar na farko na shiri ne: a rubuta batutuwa huɗu ko biyar a gefe, da kalma bibbiyu, a sa musu lamba, sannan a fara. Da yarinyar da na ba ku labarinta ta san wannan, da ba ta ji tsoron mantuwa ba. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da bai saba da shi tun aji ɗaya ba, ba zai fara shi a zauren jarrabawa ba.

Wani zai ce manhaja ta cika, mai duba makarantu kuma abin da ke cikin tsarin aiki yake tambaya. Gaskiya ne. Amma insha'i da auna fahimta da taƙaitawa duk suna cikin manhajar, kuma wannan horo yana yi wa ukun hidima a lokaci ɗaya. Ba kuma aikin malamin Ingilishi kaɗai ba ne. Malamin kimiyya zai iya wargaza matakan gwaji, malamin tarihi ya wargaza aukuwar al'amura, malamin lissafi ya wargaza layukan warware tambaya. Malaman Hausa kuwa su ne manyan abokan tafiyarmu. Yaron da ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam, ya ga yadda aka saƙa labarai a cikin labari ba tare da zaren ya tsinke ba, ya riga ya ga tsari a matakinsa na ƙoli. In ya koyi jera sakin layi a darasin Hausa, ya zo mana da shi a shirye. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka ina ba reshe shawara: in malamai talatin kowa ya shirya sakin layi biyar da amsoshinsu da dalilansu, mun samu 150, a tara su wuri ɗaya, kowace makaranta ta kwafa.

Da yake na san jaridar reshe tana shiga gidajenmu, ina da magana ga iyaye, musamman iyaye mata, ko da ba su jin Turanci ko kalma ɗaya. In yaro ya dawo daga aike ko daga makaranta, a ce ya ba da labarin abin da ya faru. In ya tsallake, a tsayar da shi a ce, dakata, kafin nan me ya faru? In ya yanke hukunci, a ce, me ya sa ka ce haka? In ya gama, a ce, sai kuma me? Tambayoyin nan uku su ne dai waɗanda muke yi a aji da kwali. Uwar da ke yi wa ɗanta su a bakin murhu tana koya masa insha'i, kuma ta riga mu farawa da shekaru.

Ita dai yarinyar, kafin ƙarshen wannan zango na sa ta sake rubuta labarin gobarar. Kurakuran nahawu suna nan, jan birona bai huta ba. Amma na bi ta daga karin kumallo zuwa risho, daga risho zuwa bokitan maƙwabta, daga nan zuwa asibiti, ban tsaya na koma baya ko sau ɗaya ba. Na ba ta bakwai cikin goma, kuma ta ci su da guminta.

Roƙona gare ku shi ne, a makon farko na zango mai zuwa kowa ya yanka kwalinsa biyar ya gwada a aji ɗaya. In mun sake haɗuwa a taro na gaba, a ware mana lokaci mu ji abin da kowa ya gani, da inda ya yi aiki da inda ya ƙi, domin na tabbata wasunku za su dawo da dabarun da suka fi nawa.